Da gafakar kakana zuwa Yamai

Bayan sallar asuba motarmu ta tashi daga Tawa. Na rungume gafakar kakana a cinya, na ƙi yarda a sa ta cikin kaya. Muka bi ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, sai bayan la'asar muka shiga Yamai, ƙura ta yi mana fari fat.

Takardun da ke cikin gafakar ne suka kawo ni: waƙoƙin wa'azi da ajami, rubutun hannun marigayi, gara ta fara cin gefensu.

Washegari, ina neman inda ake adana irin waɗannan tsofaffin takardu, na haye gadar Kennedy zuwa Harobanda, inda Jami'ar Abdu Mumuni take. A 1971 aka kafa ta a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin makamashin hasken rana, a 1992. Wani ɗalibi ya ce mini: "Baba, wurin da kake nema yana can ƙetaren da ka baro." Na sake hayo kogi zuwa IRSH, cibiyar binciken jami'ar, wadda asalinta reshen IFAN ne na 1944, wato cibiyar binciken Faransawa kan Afirka a zamanin mulkin mallaka.

A sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami wani dattijo ya karɓe ni. Sai da ya goge hannunsa kafin ya kwance igiyar fatar. Ya ɗaga shafi ɗaya da yatsu biyu, ya duba jan tawadar wasulla, ya karanta baiti uku a hankali kamar ya san mai su. Idona ya kawo ruwa.

"Malam," in ji shi, "kada ka ƙara ajiye su a ƙasa."

Bubu Hama ne ya fara wannan taska tun yana shugaban Majalisar Dokoki, kujerar da ya riƙe har 1974. Ya riƙa neman littattafai a gidajen malamai, wanda mai shi ya hana sai a kwafe shi. Yanzu akwai kimanin 4,000. Ni malaman farkon nan ne suka tsaya mini a rai, waɗanda suka zauna suna warware takardun da suka cakuɗe, babu bango babu lambar shafi, sai kalmar da marubuci ya bari a gindin takarda don ta nuna wadda ke biye.

Da ita dattijon ya jera na kakana. Biyu sun ɓace. Da zan tafi ya ce in binciki akwatunan gida kafin damina ta sauka.