Godiya ga iyalan abokina na Jaipur

Jama'a, mun dawo lafiya daga bikin auren abokin karatuna a Jaipur, jihar Rajasthan ta ƙasar Indiya. Kafin hidimar makaranta ta sake shan kaina, bari in fito fili in gode wa iyayensa da danginsa, don sun riƙe ni tamkar ɗan gida.

Godiya ta farko ga Mama, mahaifiyar ango. Tun ranar haldi, da ake shafe ango da kurkur, ta ware mini ɗakin da zan riƙa yin salla, kuma babu wanda ya matsa mini in sa hannu a abin da ya shafi ibadarsu ta addinin Hindu. Abincin bikin babu nama ko kaɗan, na ci hankalina kwance.

Sai kawun ango, dattijon da ya hana idonsa barci yana fassara mini abin da malaminsu ke karantawa da harshen Sanskrit. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, ango a kan doki da rawa da kiɗa muka sani. Ashe wannan duk shagali ne. Auren kansa a rumfa mai ginshiƙi huɗu ake ɗaura shi, a gaban wutar da suke kira Agni, wadda a addininsu ita ce shaida. Uban amarya ya ɗora hannunta a kan na ango, ɗan'uwanta ya cika mata tafi da guggurun shinkafa ta zuba a wuta. Daga nan aka ƙulle bakin mayafinta da na ango suka yi taku bakwai, wato saptapadi, kowane taku da roƙonsa: abinci, ƙarfi, arziki, har zuwa na ƙarshe, wanda na abota ne. Dattijon ya ce aure ɗaya ne daga cikin ibadu 16 da ke raka mutum tun yana ciki har mutuwa, kuma akwai ibadun gida da namiji ba ya yin su sai da matarsa a gefe.

Hukuma ma ba ta ɗauki abin da wasa ba. Dokar auren Hindu ta 1955 ta ce inda al'ada ta tanadi takun nan, da na bakwai aure ke cika. A 2024 Kotun Ƙolin Indiya ta jaddada cewa takardar rajista kaɗai ba ta ɗaura aure idan ba a yi waɗannan ibadu ba.

Da za a tafi da amarya, tana kuka tana watsa shinkafa ta bayanta, sai na tuna da ƙannena ranar kai su ɗakin miji. Ni ma sai da na share ido.

Na gode wa ƙannen ango da suka naɗa mini rawani irin nasu, da direban da ya kai ni tashar jirgin ƙasa da asuba. Ango da amarya, Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka.