Hayar adireshi: inda ƙananan kamfanoni suka fi yin tuntuɓe

Duk wanda ya taɓa zama a teburin karɓar wasiƙu na ofishin adireshi, wato wurin da kamfani ke hayar adireshi ba tare da yana zaune a can ba, ya san irin wasiƙar da nake nufi. Ba ta da kauri, takarda ɗaya ce ko biyu, da tambarin kotu ko na hukumar haraji a kusurwar ambulan, kuma wa'adin da ke cikinta ya fara tafiya tun kafin ta iso. Asarar da ta fi zafi a wannan harka daga irinta take farawa, shi ya sa a kanta zan fi tsayawa.

Abin da ake saya a ofishin adireshi abu huɗu ne, kuma ba lallai su zo a dunƙule ba: adireshin da za ka sa a takardun kamfani, karɓar wasiƙu, lambar waya da mai amsa ta da sunan kamfaninka, sai 'yan awanni a ɗakin taro. Manyan masu wannan sana'a sun daɗe, Servcorp ta fara a Sidni a 1978, Regus kuma a Brussels a 1989, amma yau ƙananan masu hayar adireshi sun cika ko'ina, kowa da nasa sharuɗɗan. Tsarin da ya fi araha yawanci adireshi ne kawai da ajiye wasiƙa har ka zo. Buɗe ta, ɗaukar hotonta, tura maka ita, kowanne da kuɗinsa daban. Mai ƙaramin kamfani ya ga an rubuta "muna karɓar wasiƙunka", ya ɗauka har da sanar da shi ake nufi. A nan ake faɗawa rami.

Ga yadda lissafin yake. A Ingila, idan aka aika takardar ƙara zuwa adireshin da kamfani ya yi rajista da shi, doka tana ɗauka ta isa a ranar aiki ta biyu bayan an sa ta a gidan waya, kuma kwana 14 ake da shi don mayar da amsa. Kotu ba ruwanta da ko ka gani ko ba ka gani ba. A ce yarjejeniyarka ta tura wasiƙu sau ɗaya a mako ce, ranar Juma'a. Wasiƙar ta shigo Litinin, ta kwanta a aljihun tebur kwana huɗu tsakanin takardun talla, an haɗa ta da su a babban ambulan, ta kwana a hanya Asabar da Lahadi, ta same ka Talata. Fiye da rabin wa'adin ya tafi ba ka ko nemi lauya ba. In kuwa tsarin sau ɗaya a wata ka zaɓa don rage kuɗi, abin da zai iso hannunka shi ne hukuncin da aka yanke a bayan idonka. Idan ka koma wa masu ofishin da ƙorafi, sai su buɗe maka shafin da ka sa hannu, wai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A takarda suna da gaskiya. Sai dai a ranar da suke tallata maka sunan titi da tsayin bene, ba wanda ya kira abin da rariya.

Akwai wadda ta fi wannan muni, kuma shiru take zuwa. Katin da ake cire kuɗin wata da shi ya ƙare aiki, saƙon gargaɗi ya faɗa akwatin imel da ba a dubawa, aka dakatar da hidima, aka fara mayar da wasiƙu da rubutun cewa ba a san mai sunan a nan ba. Hukumar rajistar kamfanoni ta Birtaniya, tun daga 4 ga Maris 2024, ta wajabta cewa adireshin rajista ya zama wurin da wasiƙa za ta kai ga wani mai wakiltar kamfanin kuma a iya tabbatar da an karɓa; akwatin gidan waya kaɗai ya daina wadatarwa. Wasiƙun da ke komawa hujja ce cewa adireshin bai cika sharaɗi ba, kuma maganar tana iya kaiwa ga soke rajistar kamfanin. Ƙasa ƙasa ƙa'idar ta bambanta, amma hukumomi a ko'ina da adireshin da ka ba su suke riƙe ka.

Maganin ba shi da wahala, kafin a sa hannu ake yin sa. Ka ba da izini a rubuce cewa a buɗe duk wasiƙar da ta fito daga kotu, hukumar haraji, hukumar rajista, banki da kamfanin inshora, a ɗauki hoton kowane shafi a turo a ranar da ta iso. Sauran wasiƙu hoton bayan ambulan ya isa, kai ka zaɓi wadda za a buɗe. Sanarwar ta riƙa zuwa ga mutum biyu, kada ta rataya a kan imel ɗaya. Ka rubuta wa masu ofishin duk sunayen da wasiƙa za ta iya zuwa da su: sunan rajista, sunan da kake kasuwanci da shi, da sunan kowane darakta, domin ma'aikacin tebur da ke rarraba wasiƙun kamfanoni masu yawa sunan da ke cikin kwamfutarsa kaɗai ya sani, wanda bai gani ba ya mayar. Sannan ka gwada su. A makon farko ka aika wa kanka abu uku a ranaku daban: wasiƙa ta yau da kullum, wasiƙar da sai an sa hannu kafin a karɓa, da ƙaramin ƙunshi. Ka rubuta ranar aikawa da lokacin da sanarwa ta zo. Wadda ake sa wa hannu ita ke tona asiri, don a nan za ka gane ko da gaske akwai mutum a wurin duk yini, ko kuwa wani ne ke leƙowa sau biyu a mako. Ka maimaita gwajin bayan wata shida, ma'aikata suna canzawa. Kuɗin haya kuma a biya na shekara in da hali, ko a sa kati na biyu.

Fita ma sai da shiri, kuma ba mai faɗa maka wannan ranar shiga. A Amurka sai ka cika fom mai lamba 1583 na hukumar gidan waya, da shaidar kai iri biyu, kafin wani ya karɓi wasiƙa a madadinka. Ranar da ka tashi, gidan waya ba ya karkatar da wasiƙun irin wannan adireshi zuwa sabon wurinka yadda yake yi wa wanda ya sauya gida; mai ofishin ne zai riƙa sake tura su na wata shida, da sabon kuɗin aikawa. Saboda haka tun ranar farko ka buɗe jerin duk inda ka ba da adireshin, daga banki har mai buga maka rasit, kuma in za ka sauya ka riƙe tsohon da sabon tare na wata uku. A Amurkan kuma wakilin da doka ta ce kamfani ya naɗa don karɓar takardun kotu hidima ce daban, kada ka ɗauka hayar adireshi ta haɗa da ita sai ka gani a rubuce.

Sauran darussan ba sa buƙatar dogon bayani. Google ba ya yarda a sa ofishin adireshi a taswira a matsayin wurin kasuwanci idan ba ma'aikacinka a wurin a lokutan aiki. Wanda ke zuwa wurin abokan cinikinsa gara ya yi rajista da yankin da yake aiki ya ɓoye adireshin, da a wayi gari an dakatar masa da shafi. Banki yakan nemi ainihin inda ake gudanar da aiki ban da adireshin wasiƙa, ka faɗi gaskiya ka ba da duka biyun. Lambar waya ka tambaya ko za ka iya tafiya da ita, in ba za ka iya ba ka sayi taka ka karkatar da kiran zuwa teburinsu. Mai amsa waya ka rubuta masa layi biyar na abin da zai ce da abin da ba zai ce ba. Awannin ɗakin taro sau da yawa ba sa tsallakawa zuwa wata mai zuwa. Yarjejeniya takan sabunta kanta, ka sa ranar ba da sanarwar fita a kalanda.

Wani abu da mutane ba su cika yi ba, alhali minti biyar ne: ka sa adireshin a injin bincike, ka ga su wa za ku zama maƙwabta a takarda. Idan sunan ginin ya riga ya fito a ƙorafe-ƙorafen damfara, banki da abokan ciniki za su gani kafin su gan ka. Mai ofishin da bai nemi shaidarka ba kafin ya karɓi kuɗinka, haka ya karɓi na kowa. A Birtaniya ma doka ta sa masu wannan sana'a ƙarƙashin ƙa'idojin hana halasta kuɗin haram, dole su tantance wanda suke ba adireshi.

Mai ba da shawara, mai zane, mai rubuta manhaja, mai sayarwa ta intanet da ba ya son adireshin gidansa ya fito a rajistar da kowa ke iya dubawa, duk tsarin ya dace da su. Mai kayan da ake dawo masa da su a kwali, ko mai sana'ar da sai jami'i ya zo ya duba wurin kafin a ba da lasisi, ya nemi ɗaki na gaske ko da ƙarami ne, domin yawancin masu ofishin adireshi suna da iyakar nauyi da girman ƙunshin da suke karɓa, wanda ya wuce nan a ƙofa ake mayar da shi.