Darbejiyar gidan Nasif

Talata, dare ya yi.

Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Gwaggo kuwa, da muke tsoron za ta gaji, ita ta fi kowa sauri, yanzu ga ta can tana minshari.

Jibi ne jirginta, shi ya sa Abban yara ya ce ba za ta koma Kano ba ta ga komai a Jidda sai kantuna ba. Bayan la'asar muka shiga Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ta ƙofar Bab Makka. Babbar tawa tana ta zuba karatun makaranta: tun zamanin Sayyidina Usman Jidda ta zama tashar jiragen ruwan Makka, an rushe ganuwar garin a 1947, UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya a 2014. Gwaggo tana "to, to", idonta na kan masu turare.

A ƙofar gidan Nasif, tsohon gidan wani attajiri, Abban yara ya gyara murya, ya nuna bishiyar nan, ya ce ana faɗin akwai lokacin da ita kaɗai ce bishiya a garin, har a kan wasiƙa "gida mai bishiya" ake rubutawa. Gwaggo ta sunkuya ta ɗauki ganye ɗaya, ta murje, ta shinshina.

"Yo wannan ai darbejiya ce! Ita kuka kwaso ni kallo? Uku ne a ƙofar gidana, kullum sai na yi faɗa kan sharar ganyensu."

Dariya har da hawaye. Abban yara bai ƙara jawabi ba.

Sai na karɓi aikin. Na ce mata an gama ginin a 1881, Sarki Abdul'aziz ya sauka a nan da ya shigo Jidda a 1925, matakalar kuma an yi ta da faɗi ne don raƙumi ya hau da kaya har sama. Duk baƙon da na kawo, labarin raƙumin nan ne ke burge shi. Ita ko kallo ba ta yi ba. Tafin hannunta ta ɗora a bango, kan dutsen nan da ake sarowa daga bakin teku.

"Wa ya ɗora duwatsun nan?"

Na fara kawo sunan attajirin.

"Ban ce wa ya biya ba, 'yar nan."

Na yi shiru. Can sai ta ce ai Malam ya yi ga-ruwa a lungunan nan. Malam, kakana! Wai da ƙuruciyarsa ya bar Kano da jaki, ya bi ta Fort Lami, Junaina, Fashir, Ubayyid. Guzuri ya ƙare, ya tsaya tsinkar auduga a Jazira ta Sudan, sannan ya kai Sawakin ya hau jirgin ruwa. Da ya sauka Jidda ba ko sisi, sai ya rataya garwa biyu a sanda har ya tara na shiga Makka. Shekara bakwai, zuwa da dawowa. Ta ce yana ba su labarin gari mai ganuwa kamar Kano, da gidaje masu tagogin katako da mata ke leƙe ta ciki ba a ganinsu, irin na Sawakin sak.

Ta ɗaga kai tana bin roshan ɗin nan, wato tagogin katakon, ɗaya bayan ɗaya. "Ko wanne ya shiga cikinsu? Ta ƙofar baya dai, na sani."

Shekarata goma sha ɗaya a garin nan. Na san inda sarki ya kwana, na san hanyar raƙumi. Baba bai taɓa faɗa mini ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Alhaji Malam kawai na sani, da hotonsa da rawani.

Abin da ya ƙarasa ni, auta ce ta ja hijabina ta ce mene ne garwa. Da Larabci ta tambaya.

Mun ci balila, mun sha sobiya. Magariba a masallacin Shafi'i. Cunkoso a hanyar gida, kowa shiru.

Na ce Gwaggo ta maimaita labarin in ɗauka a waya, ta ce sai gobe. Gobe kuma ranar tsaraba ce, na san ta da kasuwa. Ɗazu da nake neman mata maganin ƙafa a jakarta, na tarar da ganyen darbejiyar a naɗe cikin hankici, kusa da fasfo.