Asabar a Kordoba: abincin rana da zancen sanayya

Yau ban je gonar gwaji ba. Ruwan da aka kwana ana yi ya hana tarakta shiga, sai na yi wanki, na leƙa kasuwa na sayo tumatir da man zaitun. Wajen ƙarfe biyu da rabi matar da muke haya a gidanta ta hauro ta ce mu sauko a ci abinci tare, ni da ɗan Meziko da Baturen Ingilan nan na ɗakin ƙurya. A Sifaniya ba a cin abincin rana kafin biyu, kuma har yau cikina bai amince da wannan tsari ba.

Ashe gayyar da dalili. Jiya sakamakon jarrabawar 'yarta ya fito: ta ci, amma ba ta samu gurbi ba. Jarrabawar shiga aikin gwamnati ce, oposiciones suke ce mata. Mutum yakan ajiye komai ya shekara biyu ko uku yana haddace darussa, wasu har malami suke biya su riƙa kai masa hadda. Guraben ƙididdigaggu ne, ana jera mutane bisa maki, inda gurbi ya ƙare nan ake jan layi. Ita tana ƙasan layin da kaɗan.

Tun kafin a gama zuba miya uwar ta yanke hukunci: enchufe. Filogin wuta ke nan a Sifaniyanci, wanda aka cusa a aiki ta sanayya kuma shi ne enchufado, wato an jona shi. A wajenta duk wanda ya samu gurbi jona shi aka yi. Abin da ya burge ni, 'yar ce ta musa mata, ita da abin ya shafa. Ta ce masu jone-jone ba sa wahalar da kansu da ƙofar jarrabawa. A neme su cikin mashawartan da 'yan siyasa ke naɗawa a dedo, da nunin yatsa kawai, da kamfanonin ƙananan hukumomi, da kwantiragin wucin gadi da ake ta sabuntawa har mutum ya yi furfura a kujerar. Ta karanto mana sashe na 103 na kundin tsarin mulkin 1978 da ka, inda ya ce shiga aikin gwamnati sai bisa cancanta da iyawa. Yana cikin abin da ta haddace, kuma da ɗan ɗaci ta karanto shi.

Daga nan ta shiga tarihi, ni kuwa na ajiye cokali. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da jam'iyyar Cánovas da ta Sagasta, manyan 'yan siyasar Sifaniya biyu na wancan zamani, ke karɓa-karɓar mulki, duk gwamnatin da ta hau sai ta sallami ma'aikatan waccan ta zuba nata. Korarrun har suna gare su, cesantes, magidanta masu zaman jiran ranar da jam'iyyarsu za ta dawo su koma ofis. Dokar 1918 ta zamanin Firaminista Antonio Maura ce ta ba ma'aikaci tabbacin kujerarsa. Ta ce don haka duk azabar jarrabawar nan ta fi mata wancan zamani, ko da ita ce ta rasa gurbi.

Ɗan Meziko ya ce yatsan Sifaniya ai ɗan ƙarami ne. Nasu dedazo ne, ƙaton yatsa. Jam'iyyar PRI ta riƙe ƙasarsu daga 1929 zuwa 2000, kuma shekaru da dama shugaba mai barin gado shi ke nuna magajinsa, zaɓe ya biyo baya don cika ƙa'ida. Talaka mai neman aiki kuwa palanca yake nema, ƙarfen da ake banƙara abu mai nauyi da shi.

Baturen bai so a bar shi a baya ba. Ya kawo cronyism, wato fifita abokai, da jobs for the boys, wato raba wa 'yan gida ayyuka, da old boy network na waɗanda suka yi makarantar kwana ɗaya suke ɗaga juna har tsufa. Ya ce asalin crony ma ba zagi ba ne, ɗaliban jami'ar Kambirij na ƙarni na 17 ke kiran tsohon aboki haka.

Ni abin da na lura da shi daban ne. Kalmomin Baturen duk na tuhuma ne, na shafin jarida da zauren majalisa, a bakin wanda aka hana. Ba wanda zai bugi ƙirji ya ce yana da cronyism. Amma mutumin Sifaniya zai ce maka tengo enchufe yana murmushi, yadda mu muke cewa ina da hanya ko ina da ƙafa. Uwar nan da ta cika ɗaki da faɗa, da aka kawo kofi sai ga ta tana tambayar 'yar ko mijin ƙanwarta bai san kowa a ma'aikatar lardi ba. 'Yar ta tashi ta kwashe kwanuka.

Bayan magariba Kawu ya kira daga gida. Mun gaisa, ya tambayi sanyi, ya tambayi karatu, sannan ya gangaro kan maganar. Ɗansa na biyu ya gama bautar ƙasa tun bara yana zaune. Kawu ya ji cewa wanda muka yi aji ɗaya da shi a sakandare ya zama darakta a wata hukuma.

"Kai yaro, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ka yi masa magana."

"Allah ya ja kwana, Kawu, ai yanzu ta intanet ake cike takardu."

"Ya cike. Kowa ma ya cike. Maganar nake so ka yi."

Yaron yana da ƙoƙari, na san shi tun yana rarrafe, kuma Kawu shi ya biya min kuɗin jarrabawar fita sakandare lokacin da Baba ya kwanta ciwo. Na ce masa a turo min takardun yaron in gani tukuna. Kafin in idar da isha'i sun shigo ta WhatsApp, har da hoton fasfo.