Akwati mai gida huɗu: darasin bayoloji na SS3 da bai bar ni ba har yau

Jiya da yamma wata yarinya 'yar maƙwabtanmu ta kawo min littafinta na bayoloji wai in taya ta hadda saboda WAEC ta matso. Ina buɗewa na faɗa kan darasin gado, ta zana ɗan akwatin nan mai gida huɗu ta cike shi tsaf, AA, AS, AS, SS, wato jinotaif, irin jinin da mutum ya gada, SS ɗin shine mai sikila. Nace mata to me wannan yake nufi? Tace Anti ni dai haka Malam ya rubuta a allo. Wallahi sai da jikina yayi sanyi, don ni wannan akwatin ba zane bane a wurina, gidanmu ne a ciki.

A SS1 da SS2 nima hadda kawai nake, ba zan ɓoye ba. Amiba, faramesiyam, sifirojaira, mu haddace sunan mu zana hoton daga littafi ba tare da mun taɓa ganin ko ɗaya da idonmu ba. Madubin likita guda ɗaya ne mai aiki a lab ɗinmu, ajin kuma cike maƙil, sai a yi layi kowa ya leƙa na ɗan daƙiƙu a ce na baya ya matso. Amma ranar da aka ɗora mana siririyar fatar albasa aka ɗiga aiyodin na leƙa naga ƙwayoyin halitta jere kamar tubalin gini, kowacce da ɗan ɗigo a ciki, na koma gida ina kallon albasar da Umma ke yankawa kamar ban taɓa ganinta ba. Firaktikal ɗin gwajin abinci ma na so shi, aiyodin ya mayar da sitaci shuɗi mai duhu kamar baƙi, ruwan Benedict in an dafa shi da gulukos ya koma ja kamar jan bulo. Sai dokokin zane da Malam yake nanata mana har muka gaji, a fere fensir sosai, ba a yin inuwa, layin suna da rula ake jansa kuma kada ya gitta wani, a rubuta sau nawa aka ƙara girman abin a ƙasa. Waɗannan duk sun taimaka a jarrabawa. Amma ba su nake son ba da labari ba.

Mu biyar Umma ta haifa. Yayarmu ta fari ta rasu tana ƙarama, ban ma san ta ba sai a baki, sannan autanmu yana da sikila. Duk wanda ya zauna da mai sikila ya san abin da nake nufi idan nace daren sanyin hunturu, yaro yana murƙususu yana cewa ƙafata, bayana, idonsa yayi rawaya, ana ta dumama ruwa ana gasa masa ana jiran gari ya waye a tafi asibiti, wani lokacin har sai an ƙara masa jini. Abin da yafi ciwon ma zafi a wurina shine maganganu. Wasu daga dangin Baba suna cewa daga wajen Umma ciwon ya fito, wai jininsu ne ba kyau, wata ma ta taɓa kiranta mai wabi a gidan suna ina tsaye ina ji. Umma bata taɓa mayar da martani ba, sai dai ta shiga ɗaki.

To a SS3 zango na farko Malam ya fara mana gado da labarin Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno da ke ƙasar Cek a yanzu, wanda ya shafe shekaru yana haɗa irin waken Turawa dogo da gajere yana ƙirga abin da ya fito, ya wallafa sakamakonsa a 1866 kuma ba wanda ya kula sai wajen 1900 bayan ya mutu. Abin da ya gano shine kowace siffa kashi biyu ake gadonta, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma wata tana iya ɓuya a jikin mutum bata nuna ba sai ta haɗu da irinta. Ina ta rubutu kamar kullum. Sai ya goge allo yace bari mu bar wake mu dawo gida, ya rubuta AS a sama, AS a gefe, ya cike gidajen. Yace yaro baya zama SS sai ya karɓi S daga uwa kuma ya karɓi S daga uba, dole su biyun, babu yadda za a yi ɗaya ya ba shi shi kaɗai.

Biro ɗina ya tsaya. Ban ƙara jin komai ba na ɗan lokaci.

Da aka tashi na bi shi har bakin ofis nace Malam ina da tambaya, idan ɗaya cikin huɗu ne, me yasa a wani gida za a samu biyu cikin biyar? Ya kalle ni, ina jin ya gane, amma bai tambaye ni gidan waye ba, Allah ya saka masa da alheri. Ya ciro kwandala biyu daga durowa yace in jefa su sama tare, in sake, in sake. Yace kin gani, kwandala bata tuna abin da ya fito ɗazu, haka kowane ciki sabon jifa ne, kashi 25 cikin 100 ne kowane lokaci, wani gidan su haifi shida ba SS ko ɗaya, wani gidan a jere su zo. Wannan wurin ne mutane da yawa ke kuskure, har masu ilimi naji suna cewa ai mun riga mun haifi mai sikila ɗaya saura ukun lafiya lau za su zo. Ba haka bane ko kaɗan.

Daga ranar karatun ya canza min. Na koma darasin jini da muka yi a SS2 na karanta shi da wani ido daban. Jan ƙwayar jini mai lafiya tana kai kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi yasa jinin autanmu ke yawan ƙasa, shi yasa ido ke rawaya. In iskar oksijin tayi ƙaranci himogulobin ɗin ciki, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin, sai ya dunƙule ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini, ciwon da yake ihu a kai kenan. Kuma duk wannan daga canjin amino asid guda ɗaya tak ne cikin waɗanda aka gina himogulobin da su, wani mai suna balin ya zauna a gurbin gulutamik asid a wuri na shida. Guda ɗaya fa! Sai na fahimci dalilin da likita ke cewa ya dinga shan ruwa da yawa, a rufe shi daga sanyi, a saka masa gidan sauro, da can ina ɗauka faɗa ne kawai irin na asibiti. Har tambayar me yasa abin yayi yawa a ƙasarmu darasin juyin halitta ya amsa min, mai AS yana da kariya daga maleriya mai tsanani, wani mai bincike Anthony Allison ya nuna haka a gabashin Afirka a 1954, don haka inda sauro ya yi yawa S ɗin ya samu wurin zama. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan yaran da ake haifa da sikila.

Ni a ganina kuskure ne babba a bar darasin gado sai SS3 lokacin da kowa hankalinsa na kan tambayoyin baya da JAMB, a ruga da shi cikin sati biyu. Yara ne 'yan shekara 16, 17, wasu 'yan matan ma an riga an kawo kuɗin aurensu. Naji daɗi da Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024 har da jinotaif a ciki, amma takardar lab me za ta yi wa wanda bai san me AS da AS ke haifarwa ba, ko wanda yake ganin ai ƙaddara ce kawai? Ƙaddara gaskiya ce, neman sani ma ai umarni ne.

A daren ranar da Malam ya zana mana akwatin, bayan isha na samu Umma tana ninke kaya, na yage takarda daga littafina na zana mata akwatin. Nace Umma kin ga nan ke ce, nan kuma Baba, ba ke kaɗai bace, kuma ba laifin kowa bane tunda lokacin aurenku ba a gwaji. Ta daɗe tana kallon takardar, ta sa yatsa a kan gidan SS. Sai tace sake min bayani a hankali, na sake. Ta ninke takardar ta saka a ƙarƙashin kayanta a akwati, sannan tace gobe in Allah ya kai mu ke da yayanki za ku je a gwada ku. Muka je. Ni AS ce.

Yarinyar maƙwabtan nan kuwa ban bar ta ta tafi ba, na aiki ƙaninta ya samo min murfin kwalba biyu tunda kwandala ta ɓace yanzu, muka rubuta A a ciki S a baya, muka zauna a tabarma muna jefawa tana ƙirgawa har aka kira magariba.