Inda aka kwana kan zafin Land Cruiser bayan ɗora turbo

Ƴan uwa masu koyo, ga inda aikin Land Cruiser ɗin nan mai moter 1HZ ya kai. Moter ne na gazuwal, silinda 6, lita 4.2, kuma Toyota ba ta ƙera shi da turbo, mai cusa wa moter ƙarin iska, ba, mu muka ɗora masa. Ƙarfi ya samu. Sai dai ƙarin iska da gazuwal ƙarin wuta ne, kan wannan moter kuwa ba ya jure zafi, tsagewa yake yi.

A cikin garin Yamai allurar zafi ko motsi ba ta yi. Sai an kama hanyar Doso da tsakar rana, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga kilim a kunne, sannan take fara hawa.

Kowa a garaji cewa yake in sayo babbar radiyata. Ni dai hanyar iska na fara bi. Yanzu abu uku ne jere a hancin motar: intakula mai sanyaya iskar turbo, radiyatar kilim, sai ta moter can baya, tana shan iskar da biyun suka riga suka ɗumama. Da na zaro radiyatar moter na ɗaga ta ga rana, ƙasanta duk ya toshe da ƙurar hunturu da ƙaiƙayin ciyawa, haske ma ba ya ratsawa. Na wanke ta daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, don kada siraran ganyayenta su lanƙwashe. Na cusa soso a duk kafar da iska ke zillewa ta gefe, na mayar da kwandon fanka da wani ya taɓa yarwa. Fankar ma, da moter ya yi zafi aka kashe, na juya ta da hannu sai ta yi ta walawa, alamar man silikon ɗin cikinta ya ƙare. An zuba sabo.

Kalorsta, wato ƴar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanyar radiyata idan moter ya yi zafi, kam ba zan cire ba, ko da maigidanmu ya ce a ƙasar zafi ba ta da amfani. Na ce masa: “Maigida, a yi mini haƙuri da wannan.” Idan ta buɗe, ita ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma moter bai shiga radiyata ba. In babu ita, wani ruwan zagayensa kawai zai yi ta yi a ciki.

Murfin radiyata sabo ne, mai riƙe matsin bar 1.1, ruwa ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120. Ruwan rijiya da na famfo an sallame su, farin dattin da suke bari ne ke toshe bututu.

Saura agogon auna zafin hayaƙi. Kafin ya iso, ba mai taɓa mini famfon gazuwal don ƙara wa moter gazuwal, tunda ƙarinsa ƙarin wuta ne.