Minti 7 a tsaye gaban jama'a

Ba wanda zai ce mutumin Maraɗi bai iya magana ba. Shiga babbar kasuwa ka ji yadda ake ciniki, ko ka zauna a fada bayan isha'i, shayi na bisa wuta, ka ji samari suna warware siyasar duniya tun daga Yamai har Masko. Ni ma a fadarmu ta unguwar Zariya ba a rufe mini baki. Sai dai hira a zaune cikin tsaranka daban, a ce maka "tashi ka yi wa jama'a bayani" kuma daban. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoma, kuma duk bayan kaka ana karanta wa mambobi rahoton takin da aka raba, da iri, da bashin da ya rage. Ni ke rubuta rahoton, amma a da wani nake roƙo ya karanta, domin da na miƙe sai yawu ya ƙafe, takarda ta shiga karkarwa a hannuna, lissafin da na kwana a kansa ya ɓace mini.

Wani abokina da ya yi karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo shi ya ja ni zuwa wata ƴar ƙungiya da suka kafa ta koyon jawabi. Tsarin aro suka yi daga Toastmasters, ƙungiyar da Ralph Smedley ya kafa a 1924 a garin Santa Ana na jihar Kaliforniya ta Amurka, wadda yau take da rassa a ƙasashe fiye da 100. Tamu ba reshensu ba ce. Buɗe reshe na buƙatar mutum 20 da kuɗin mamba da ake biya da dalar Amurka, mu kuwa dala ɗari ta Sefa muke tarawa a wata, ta ruwan sanyi da alli. Wata makaranta ta ara mana aji guda, muna haɗuwa ran Asabar bayan la'asar, mu tashi kafin kiran magariba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kusan kowa yana da aiki. Akwai mai jagorantar zaman ranar. Akwai mai agogo, riƙe da kati uku: kore in mai jawabi ya kai minti 5, rawaya a minti 6, ja a minti 7. Akwai wanda aikinsa kawai ya ƙirga cike-gurbin da ke kuɓuce wa mutum, su "eh", "wato", "ka gane ko", da na ƴan lakwal, "bon" da "donk". Kowane mai jawabi kuma yana da mai sharhinsa, wanda zai tashi bayansa ya faɗi abin da ya yi kyau da abin da za a gyara, cikin minti 2 zuwa 3. Sannan akwai tambayar ba-zata, inda za a jefo maka batu ka yi magana a kai minti 1 zuwa 2 ba tare da shiri ba. Mako mai zuwa sai ayyukan su juya.

Jawabin farko na gabatar da kai ne, minti 4 zuwa 6. Na soma da suna da aiki da makarantun da na yi, murya can ƙasa, idona a kan rufin kwano. Da na ga abin faɗi ya kusa ƙarewa kati kore bai ma tashi ba, sai na faɗa labarin kakata, wadda tana yarinya aka yi ambaliyar 1945, lokacin da Gulbin Maraɗi ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka tayar da mutane zuwa tudu inda birnin yake yanzu. Na faɗi yadda take ba mu labarin an ɗora ta bisa jaki tare da tukwane, da yadda har ta rasu ba ta yarda a kwana da ƙofa a kulle in hadari ya haɗo. Wadda ta yi mini sharhi tela ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta ce, "Yaya, da kana lissafa makarantu kamar an tilasta maka, amma da ka zo kan Kaka sai ka sauke ido, ka fiddo hannu daga aljihu, har na baya suka ji ka. Gaba ka fara da abin da ka gani da idonka ko ka ji da kunnenka." Shawarar da ta fi yi mini amfani ke nan, kuma na ga ta tabbata a kan wasu. Wani malamin gona da ke cikinmu ya taɓa yi mana jawabi kan sassaben zamani, dabarar barin kututturan itace su tofo a gona da Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a jihar nan a 1983. Bai zo da takarda ba. Reshen sabara ya shigo da shi da ƴar wuƙa, ya nuna mana tsiron da ake bari da wanda ake sarewa, yana yi yana bayani. Har aka ɗaga masa rawaya ba wanda ya taɓa salularsa.

Da farko da Faransanci ake yin komai, kuma nan ne nake ganin da yawa daga cikinmu muka daɗe muna zaluntar kanmu. Mutum ya tashi yana laluben kalma, yana tsoron kada ya ɓata nahawu a yi masa dariya irin ta aji, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi bai iya magana ba, alhali harshen ne bai zauna masa ba. Wata Hajiya ce ta warware mana wannan. Ta shekara da shekaru tana shugabantar asusun Mata Masu Dubara, tsarin adashi da bashi da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, wanda daga baya ya bazu a ƙasashen Afirka da dama. Ɗanta ya kawo ta kallo. Aka jefa mata tambayar ba-zata kan yadda ake karɓo bashi daga maƙwabciya ba a ɓata ba, ta ce ita da Hausa za ta yi. Ta kawo matsalar, ta ba da misali guda, ta faɗi mafita, ta zauna kafin a ɗaga ja, kuma mai ƙirga bai rubuta mata ko "eh" ɗaya ba. Daga ranar muka mayar da doka: kowa ya zaɓi harshensa, amma wanda ya zaɓa ya riƙe shi har ƙarshe, ban da gauraye. Hausa tsantsa ta minti 7 ta fi ba ƴan boko wuya fiye da yadda suke zato. Da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, mu a ajinmu mun riga mun san irin aikin da ke gaban masu son yin bayanin lissafi ko na lafiya da ita ba tare da sun ruga aro ba.

Inda tsarin aro ya yi karo da tarbiyyarmu shi ne wajen manya. A gida an hore mu kada mu katse babba, kada mu gyara masa magana a bainar jama'a, kada mu zuba masa ido. To ga shi tsari ya ce a ɗaga wa kowa jan kati, kuma kowa a yi masa sharhi. Akwai wani malamin makaranta mai ritaya a cikinmu, dattijo mai furfura, wanda ya koyar da iyayen wasunmu. Ranar jawabinsa wata ɗalibar lise ce ke riƙe da agogo. Ta ɗaga kore, ta ɗaga rawaya, da lokacin ja ya yi sai na ga ta tsaya tana jujjuya katin bisa cinyarta. Can ta miƙa shi sama da hannu biyu, kanta a sunkuye, yadda ake miƙa wa uba ruwa. Dattijon ya gani, ya ƙarasa jimlarsa, ya yi shiru. Ajin ya yi tsit, kowa na jiran abin da zai biyo baya. Sai ya ce, "Ƴata, kin yi aikinki, Allah ya yi miki albarka. Wanda duk ya shigo nan ya yarda da agogo tun daga ƙofa." Ya koma ya zauna a bencinsa.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne ba sai an yar da kunya ba kafin a iya magana. Ina jin wasu masu horarwa suna cewa sai ka kafe mutane da ido, sai ka cire nauyin kowa daga ranka. Ban yarda ba. Yaron da ya tsaya gaban dattawan unguwa yana zare musu ido ya rasa su tun bai buɗe baki ba. Mu abin da muke koya wa juna shi ne ka ɗaga kai, ka juya dama da hagu kowane ɓangare ya san da shi kake, in kuma manya ne a gaba ka dubi wajen hularsu. Sharhi ma muka yi masa ladabinsa. Ana farawa da "Baba, a gafarce ni" ko "Inna, da izininki", a faɗi abu biyu da suka yi kyau da hujjarsu, sannan a kawo gyara guda ɗaya tak, a jingina shi ga jawabin, a bar mutumin. "Misali na biyu ya yi tsawo har ya danne na farko" magana ce da dattijo zai karɓa daga bakin jikarsa. Yabon da ba hujja kuwa mun hana shi, domin in kowa "ma sha Allah, ya yi kyau" zai ce, gara mu zauna a fada.

Sai da na fara yin sharhi na gane ashe ban iya saurare ba. A hira, yayin da wani ke magana kai kana shirya taka ne. Amma in ka san nan da ƴan mintoci za ka tashi ka faɗa wa mutum inda zancensa ya tsaya da ƙafarsa da inda ya gurɗe, dole ka bi shi tun daga sallama har rufewa. Wannan ya bi ni har wurin aiki. A taron manoma na bayan kaka ni na karanta rahotona. Wani mamba ya miƙe da zafi ya ce buhunan takin da aka rubuta wa ƙauyensu ba su ne suka isa ba. Na bari ya gama sarai, na maimaita masa tambayarsa don ya tabbata na ji, na buɗe littafi na karanta adadin da ranar da aka sauke da wanda ya sa hannu, na ce bayan taro mu zauna da shi da ma'aji mu bi sawun sauran. Gabana na faɗuwa, amma muryata ba ta nuna ba. Faɗuwar gaban nan har yau ba ta bar ni ba, na dai san yanzu cewa tana lafawa bayan jimla biyu ko uku, don haka nake haddace farkon jawabi kawai, sauran in riƙe kanunsa a ƴar takarda.

Shugabanci kuwa ba a kan mumbari na koye shi ba. Duk wata 6 muke sake zaɓe, kuma da layi ya zo kaina na tarar aikin shi ne karɓo mabuɗi wajen mai gadi, share aji, bin mutane a WhatsApp tun ran Laraba don a san masu jawabi, da neman wanda zai maye gurbin wanda ya kira da azahar ya ce an yi masa rasuwa ko kabu-kabu ya lalace masa a hanya. Na tsaya a kan a fara bisa lokaci ko da mutum biyar ne a aji. An yi gunaguni, an ce ai nan Maraɗi ne, amma da mutane suka ga da gaske ana farawa ba su, sai suka riƙa sallame la'asar suna tahowa. Na lura mata suna zamewa kafin a tashi saboda girki da nisan gida, sai muka mayar da jawabansu farkon zama. Da azumi muka koma safiya. Mafi nauyi a kaina shi ne ranar da tambayar ba-zata ta taɓo siyasa, mutum biyu suka harzuƙa, ɗaya ya ce ba zai sake zuwa ba. Ban yi musu magana a aji ba. Na bi kowannensu gida, na gaishe shi, na ji ta bakinsa, sannan a zama na gaba muka amince gaba ɗaya cewa siyasar jam'iyya da saɓanin malamai su tsaya a waje. Wasu na ganin wannan tsoro ne, tunda mai koyon magana ya kamata ya iya taɓa kowane batu. Ina fahimtar su. Amma ajin aro ne, zumuncin kuma sabo ne, ban ga hikimar ɗora masa kayan da zai karye ba.

Da wa'adina ya cika na miƙa littafi da katunan ga telar nan da ta yi mini sharhin farko, ita ce shugabarmu yanzu. Abin da ke gabanta ya fi nawa wuya. Yawancinmu har yanzu ƴan birni ne da suka yi lakwal, alhali masu buƙatar abin sosai suna Jiratawa da Tibiri da ƙauyukan da ke bakin gulbi: shugabannin ƙungiyoyin manoma, matan asusu, wakilan iyayen yara, waɗanda ake kira taro a ma'aikatar magajin gari su je su dawo da maganarsu a ciki. Ta ba ni aikin gwada zama ɗaya a wata tare da manoman ƙungiyarmu, da Hausa zalla, a ranar da ba ta kasuwa ba, kuma mun tsayar da cewa sai an gama ɗaure hatsi za mu fara.